Kiwon lafiya: Haƙori yana gyaruwa tun bai yi rami ba

Ciwon haƙori yana hana barci. Yana hana cin tuwo. Yana hana manomi zuwa gona ranar da noma ya fi matsawa. Yaro mai ciwon haƙori ba ya jin abin da malam yake faɗi a lakwal. A ƙauyuka da yawa likitan haƙori yana da nisa. Sai an shiga mota zuwa Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Kafin mutum ya tara kuɗin mota da na magani, haƙori ya riga ya lalace. Abin da ya rage sai cirewa. Haƙorin babba kuwa, in an cire shi, wani ba ya fitowa.

Amma haƙori ba ya ruɓewa rana ɗaya. Ɓarnar tana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru. A farkonta akwai lokacin da haƙori yake iya gyaruwa a gida, ba allura, ba cirewa. Masu wannan gyara su biyu ne. Na farko miyau ne, wanda kowa yake da shi kyauta. Na biyu wani sinadari ne mai suna fuluwor, wanda ake sawa cikin man goge haƙora, man da wasu suke ce wa makilin. Wannan darasi yana bayanin yadda suke aikinsu.

YADDA HAƘORI YAKE

Yaro yana da haƙora 20. Na farko yana fitowa wajen wata 6. Wajen shekara 6 yaro yana soma famfara, haƙoran manya su dinga maye gurbin na yarinta. Babban mutum yana da haƙora 32 in sun cika.

Kowane haƙori hawa uku ne.

1. Daga waje akwai farin ɓawo mai santsi. Shi ne ido yake gani. Babu abin da ya kai shi tauri cikin jikin ɗan Adam. Ya fi ƙashi tauri.

2. Ƙarƙashin ɓawon akwai ƙashin haƙori. Launinsa ɗorawa-ɗorawa ne. Bai kai ɓawon tauri ba.

3. Can tsakiya akwai ɓargon haƙori. Nan jijiyoyi suke, nan jini yake shiga. Nan ne ciwo mai tsanani yake tashi.

Ɓawon haƙori kusan duka dutse ne. Cikin kashi 100, wajen kashi 96 ma'adini ne. Abubuwa biyu suka haɗu suka yi shi. Ɗaya sunansa kalsiyom, shi ne wanda yake cikin nono da ƙashi da ɓawon ƙwai. Ɗaya sunansa fosfat. Manoma sun san fosfat, don yana cikin takin zamani, kuma akwai dutsensa a ƙasar Tawa.

Ɓawon haƙori ba shi da jini, ba shi da jijiya. In fata ta yanke, tana haɗewa. In ƙashi ya karye, maɗori ya ɗora shi, yana kamawa. Ɓawon haƙori ba haka yake ba. In wani yanki ya ɓalle, ba ya tofowa. Shi ya sa farkon ɓarna ba ya ciwo. Shi ya sa kuma tilas a tare ta da wuri.

BA TSUTSA BA CE

Mutane da yawa suna cewa tsutsa ce take cin haƙori. Har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna cewa suna fidda ta. Likitoci sun duba ramin haƙori da madubi mai ƙara girman abu. Babu tsutsa a ciki. Tsami ne yake cin haƙori.

Ga yadda abin yake. Cikin bakin kowane mutum akwai ƙananan ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. Suna taruwa a jikin haƙori, su yi wata dauɗa mai yauƙi. In mutum ya kankare haƙorinsa da farce da safe, zai ga wani abu fari-fari mai laushi. Ita ce wannan dauɗa. Ta fi zama a bakin dasashi, da tsakanin haƙora, da cikin kwarin turame, wato manyan haƙoran tauna.

Abincin da waɗannan ƙwayoyi suka fi so shi ne sukari. Da mutum ya sha zaƙi, su ma sun samu. Cikin ƴan mintoci sai su mai da sukarin tsami. Tsamin yana kwanciya a jikin haƙori, ƙarƙashin dauɗar. Sai ya soma narkar da ɓawon, yana zare kalsiyom da fosfat kaɗan-kaɗan.

Mai son ya gani da idonsa, ga gwaji mai sauƙi. A samu ɓawon ƙwai, a jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami, a bar shi ya kwana biyu. Za a tarar ya yi laushi, yana marmashewa. Ɓawon haƙori ya fi na ƙwai tauri nesa, amma tsami yana cin sa shi ma, sannu a hankali.

MIYAU MAGINI NE

Da tsami kaɗai yake aiki, da babu mai sauran haƙori a baki. Amma akwai miyau. Bakin babban mutum yana yin miyau daga rabin litar zuwa litar ɗaya da rabi kowace rana. Miyau yana aiki uku.

1. Yana wanke sauran abinci da sukari.

2. Yana kashe tsami. Kowace mace ta san in miyar yakuwa ta cika tsami, ƴar kanwa take sawa. Cikin miyau akwai wani abu dangin kanwa mai yin wannan aiki.

3. Yana ɗauke da kalsiyom da fosfat. In tsami ya kwanta, sai ya mai da su cikin ɓawon, inda aka zare su.

A ɗauki misalin bangon ƙasa. Kowace damina ruwa yana zaizaye shi. Kowane rani mai gida yana kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe. In yaɓe ya yi daidai da zaizaya, bango yana shekara da shekaru a tsaye. In zaizaya ta fi yaɓe, wata rana bango ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Haka haƙori yake. Tsami shi ne ruwan sama. Miyau shi ne magini. Kalsiyom da fosfat su ne ƙasar yaɓe. Bambancin kawai, damina da ranin haƙori suna zuwa sau da yawa cikin yini ɗaya. Bayan kowane shan zaƙi, tsami yana aiki wajen minti 30, wani lokaci har awa ɗaya, kafin miyau ya rinjaye shi.

Da dare, in mutum ya yi barci, miyau yana raguwa ƙwarai. Magini ya kwanta ke nan. Wanda ya kwana da zaƙi a baki ya bar bangonsa cikin ruwa, babu mai yaɓe.

FARIN TABO

In zaizaya ta rinjayi yaɓe, alamar farko ba rami ba ce, ba baƙi ba ne, ba ciwo ba ne. Wani farin tabo ne. Farinsa irin na alli ne, ba ya ƙyalli kamar sauran haƙorin. Ya fi fitowa a bakin dasashi, inda dauɗa take kwana. Ga yara ƙanana, ya fi fitowa a haƙoran gaba na sama.

Me ya sa wurin ya yi fari? Tsami ya zare ma'adini daga ƙarƙashin fuskar ɓawon. Fuskar tana nan, amma cikinta ya yi ƙananan ƙofofi. Tamkar itacen da gara ta soma ci daga ciki, bayansa yana nan kamar lafiya lau.

Wannan shi ne lokacin gyara. Muddin fuskar ba ta rufta ba, miyau yana iya shiga ta ƙofofin nan ya cike su. In ta rufta, rami ya samu. Daga nan yaɓe ba ya isa.

Ya kamata uwa ta duba bakin yaronta sau ɗaya a wata. Ta wanke hannu. Ta zauna da shi cikin hasken rana. Ta ɗaga leɓensa na sama. Ta share haƙoran da tsumma mai tsabta har su bushe, don tabon ya fi fitowa a busasshen haƙori. Sannan ta duba bakin dasashi. Babba kuma ya duba nasa da madubi.

Jan goro da jan fure dabam suke. Su rini ne a bayan haƙori, ba ruɓewa ba. Amma suna iya ɓoye farin tabo, ido ya kasa ganinsa.

AIKIN FULUWOR

Magina sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. In an sa ta cikin yaɓe ko daɓe, yana yin ƙarfi, ruwa ba ya cin sa da sauri. Fuluwor shi ne makubar haƙori.

Fuluwor ba sabon abu ba ne. Yana cikin duwatsu da ƙasa. Akwai shi kaɗan cikin ruwan rijiya da ganyen shayi. Masu yin man goge haƙora suna auna shi daidai su zuba a ciki. In an goge baki, kaɗan daga cikinsa yana maƙalewa a jikin haƙora, da cikin miyau, da cikin sauran dauɗar da buroshi bai kai gare ta ba. Daga nan yake aiki uku.

1. Yana gaggauta yaɓe. In akwai fuluwor a wurin, kalsiyom da fosfat suna komawa cikin ɓawon da sauri fiye da in babu shi.

2. Yana ƙarfafa yaɓen. Fuluwor yana shiga cikin sabon ma'adinin, ya zama ɗaya da shi. Wurin da aka gyara da fuluwor ya fi ɓawon asali jure tsami.

3. Yana rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. In akwai shi, ba su iya yin tsami da yawa kamar da.

A lura da abu ɗaya. Fuluwor ba ya aiki shi kaɗai. Ba shi yake kawo ƙasar yaɓe ba, miyau ne. Kuma aikinsa daga waje yake, a jikin haƙori. Ba sai an haɗiye shi ba. Ɗan kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a wata, don tsami kullum yake zuwa.

Gyaran ba ya ƙarewa cikin kwana biyu. Yana ɗaukar makonni da watanni. Alamar ya kama ita ce tabon ya yi santsi, ya yi tauri, ya soma ƙyalli. Wani tabon yana raguwa har ya kusa ɓacewa. Wani yana nan da farinsa, ko ya koma ƙasa-ƙasa. Wannan ba komi. Tabo ne irin na miki da ya warke. Abin bukata shi ne ɓarna ta tsaya.

YADDA AKA GANO SHI

A shekara ta 1901, wani likitan haƙori mai suna Firedirik Makke ya soma aiki a jihar Kolorado, cikin ƙasar Amurka. Ya tarar haƙoran mutanen wurin da yawa suna da tabo mai launin ƙasa. Ya kuma lura haƙoran nan ba su cika ruɓewa ba. Ya yi shekaru yana neman dalili. A 1931 masana suka gano fuluwor ne ya yi yawa cikin ruwan shan irin waɗannan garuruwa.

Sai aka fahimci abu biyu. Fuluwor mai yawa yana ɓata haƙori. Fuluwor daidai gwargwado yana tsare shi. A 1945 aka soma auna shi ana zubawa cikin ruwan famfon wani gari na Amurka. A tsakiyar shekarun 1950 aka soma sayar da man goge haƙora mai fuluwor.

Tun daga nan an yi gwaji da yawa a kan dubban yara. Da aka tattara sakamakon a 2003, an ga man mai fuluwor yana rage ruɓewar haƙora da wajen kashi 1 cikin 4, in an gwada shi da man da babu fuluwor. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. A rahotonta na 2022 ta ce mutum wajen miliyar 2 ne a duniya suke da ruɓaɓɓen haƙorin manya wanda ba a yi wa magani ba.

DARASIN TIBIRI

Mutanen jihar Maraɗi suna da dalilin jin tsoro in an ambaci fuluwor. A garin Tibirin Gobir, daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, mutane sun sha ruwan wata rijiya mai zurfi wadda fuluwor ya yi wa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligaram ɗaya da rabi cikin litar ɗaya ta ruwan sha. Na Tibiri ya ninka wannan fiye da sau 3. Haƙoran yara suka yi tabo. Ɗaruruwan yara ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Wannan masifa ce ta gaske, ba abin mantawa ba ce.

To, man goge haƙora fa? Bambancin yana wurin haɗiya. Yaran Tibiri sun sha ruwan nan kowace rana, an dama musu kunu da shi, an yi musu tuwo da shi, shekara da shekaru, lokacin da ƙashinsu yake girma. Fuluwor ya shiga cikin jini, ya taru cikin ƙashi. Shi kuwa man goge haƙora, ɗan ƙanƙane ake lakata, a shafa a haƙori, a tofar. Gishiri daidai shi ne daɗin miya. In ya yi yawa, miya ba ta ciwuwa.

Duk da haka, darasin Tibiri ya nuna abubuwa uku.

1. Man goge haƙora ba abin ci ba ne. Yaro ƙarami yana son zaƙinsa. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai. Yaron da yake haɗiye shi da yawa kafin shekara 8 yana iya samun fararen zane a haƙoransa na manya.

2. Tabon yawan fuluwor dabam yake da tabon ruɓewa. Na fuluwor, da shi haƙori yake fitowa, kuma ana ganinsa dama da hagu iri ɗaya, ga yara da yawa masu shan ruwa ɗaya. Na ruɓewa daga baya yake zuwa, a inda dauɗa take zama.

3. In yaran gari da yawa suna fitowa da haƙora masu tabo, mai gari da kwamitin ruwa su sanar da ma'aikatan ruwa da na lafiya, a auna ruwan rijiyar. Tafasa ruwa ba ya fidda fuluwor. A irin wannan gari, uwaye su nemi shawarar likita kafin su soma ba ƙananan yara man.

YADDA AKE ZAƁEN MAN

Ba kowane man goge haƙora ne yake da fuluwor ba. Ƙamshi da kumfa da hoton kwali ba su ne magani ba. Nan karatu yake da rana. Mai saye ya juya kwalin ya karanta.

1. Ya nemi sunan. Da Faransanci ana rubuta fluor ko fluorure. Da Ingilishi ana rubuta fluoride.

2. Ya nemi lamba tare da haruffa uku, ppm. Wannan shi ne ma'aunin fuluwor. Man kirki yana da 1000 zuwa 1500 ppm. Da yawa an rubuta musu 1450 ppm. Wanda bai kai 1000 ba, ƙarfinsa kaɗan ne.

3. Ya duba ranar ƙarewar aiki. In ta wuce, ya bar shi.

4. Ya saya a farmasi ko kantin da aka sani. Ya guji wanda ya daɗe a rana.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai iya ba tukuna.

YADDA AKE GOGEWA

Sau nawa? Sau 2 kowace rana. Ɗaya da dare, in an gama cin komi, daf da kwanciya. Ɗaya da safe. Na dare ya fi muhimmanci, don shi ne yake tsaron haƙora lokacin da miyau ya ragu.

Man nawa?

Yaro daga fitowar haƙorin farko zuwa shekara 3: girman ƙwayar shinkafa.

Yaro daga shekara 3 zuwa 6: girman ƙwayar wake.

Wanda ya wuce shekara 6, da babba: ƙwayar wake ta isa, ko a ɗara kaɗan.

Ba sai an cika buroshi ba. Wanda ya bi wannan awo, man zai daɗe masa, kuɗinsa su huta. Gida ɗaya suna iya tarayya a man, amma kowa da buroshinsa.

Ta yaya? Buroshi mai laushi ya fi. A goge a hankali, wajen minti 2. A bi bakin dasashi. A bi waje, a bi ciki, a bi bisa turame. Ƙarfi ba shi ne tsabta ba. In gashin buroshi ya baje, wajen wata 3, a sake wani.

Daga ƙarshe sai babbar doka, wadda mutane da yawa ba su sani ba: a tofar, kada a kurkure. Wanda ya cika baki da ruwa ya kurkure bayan gogewa, ya zubar da fuluwor a ƙasa. Tamkar wanda ya gama yaɓe ne ya kwara wa bangon ruwa. A tofar da kumfar kawai, a bar sauran ya yi aikinsa. Mai son kurkure baki ya yi kafin ya goge.

Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai wajen shekara 7. Kafin nan uwa ko uba su lakata masa man, su goge masa, su koya masa tofarwa. A kula da turamen da suke fitowa can baya wajen shekara 6. Ba su jiran wani haƙori ya faɗi, shi ya sa uwaye suke ɗaukarsu haƙoran yarinta. Na manya ne, kuma su ne suka fi saurin ruɓewa.

Haƙoran yarinta ma ba abin sakaci ba ne don za su faɗi. Da su yaro yake tauna, da su yake koyon magana. Su ne suke riƙe wa na manya wuri.

ASUWAKI FA?

Asuwaki abu ne mai kyau. Yana kankare dauɗa, kuma ba ya cin kuɗi. Wanda ya saba yinsa da rana ya ci gaba. Amma asuwaki shara yake yi, ba ya ƙarfafa yaɓe kamar man mai fuluwor. Su biyun abokan aiki ne. Wanda ba shi da buroshi ya tauna bakin asuwaki har ya yi laushi, ya lakata man a kai, ya goge da shi.

Gawayi da toka da yashi kuwa, a bar su. Suna sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma suna kankare ɓawon. Ɓawon da aka kankare ba ya dawowa.

SUKARI: SAU NAWA AKA SHA?

Komi ƙwazon magini, ba ya yaɓe ana ruwa. Man goge haƙora ba ya rinjayar bakin da yake shan zaƙi tun safe har dare. Ba yawan sukari kaɗai ake dubawa ba, har da sau nawa aka sha.

Ga lissafi. A ce kowane shan zaƙi yana kawo tsami na minti 30. Mutum na farko ya sha zaƙi sau 3, tare da abinci. 3 sau 30, minti 90 ke nan, wato awa ɗaya da rabi. Mutum na biyu ya sha koko da sukari, ya zauna majalisar shayi ya sha na ɗaya da na biyu da na uku, ya tsotsi alawa, ya sha rake, ya sha lemun kwalba, har sau 10. 10 sau 30, minti 300 ke nan, wato awa 5. Wane ne miyaunsa ya samu lokacin yaɓe?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce wajen garam 50, wato ƙaramin cokali 12. In ya tsaya a rabin haka, ya fi kyau. Zuma ma cikin lissafin take.

A sha zaƙi tare da abinci, a gama shi lokaci ɗaya, a bi shi da ruwa. Yaro ya nemi abin taɓawa, a ba shi gyaɗa ko nono maras sukari maimakon alawa da biskit. Kada a kwantar da jariri da kwalbar ruwan sukari a baki.

ABIN DA MAN BA YA IYAWA

Man mai fuluwor yana gyara farin tabo. Ba ya cike rami. In harshe yana jin rami, ko abinci yana maƙalewa a ciki, ko ruwan sanyi da zaƙi suna sa zogi, ɓarna ta kai ƙashin haƙori. Sai a tafi likita. In ramin ƙarami ne, likitan haƙori yana share shi ya cike, haƙori ya tsira. In an jira ya kai ɓargo, aikin ya fi wuya, ya fi tsada. Mai rami ya ci gaba da gogewa, don sauran haƙoransa su tsira.

Kanumfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma ramin yana nan yana girma. Kada a danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, tana ƙona shi. Kada a ɗiga ruwan batir ko fetur cikin rami, guba ne. In kumatu ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko baki ya ƙi buɗuwa, a tafi likita ran nan, kada a kwana. Ƙwayoyin cuta suna iya bazuwa daga haƙori zuwa wuya da jini.

Rigakafi ya fi magani. Ƙwayar wake ɗaya ta man da safe, ɗaya da dare, ta fi kuɗin mota zuwa birni araha.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Mene ne yake cin haƙori, tsutsa ko tsami? Daga ina yake fitowa?

2. Waɗanne ayyuka uku miyau yake yi?

3. Yaya farin tabo yake? A ina ake nemansa?

4. Me ya sa ba a kurkure baki bayan gogewa?

5. Man nawa ake lakata wa yaro ɗan shekara 2? Ɗan shekara 5 fa?

6. Mene ne bambancin ruwan Tibiri da man goge haƙora?

7. Mutum ya sha zaƙi sau 6 a yini. Minti nawa haƙoransa suka yi cikin tsami? Awa nawa ke nan?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zo da kwalin man goge haƙora in akwai shi a gidansu, ko ya aro wurin mai tebur. A nemi kalmar fluor da lambar ppm, a rubuta su a allo.